Wane jirgin ruwa ne darensa ke da armashi ga Baba da Mama?

Autar Gida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa hawa. Ni da yayyena mun haɗa hannu za mu kai Baba da Mama yawon jirgin ruwa na kwana bakwai zuwa goma, ni zan raka su. Baba shekararsa 74, Mama 68. Baba ba ya barci da wuri, tun yana aiki haka yake, kuma mutum ne mai son kiɗa da hira. In aka kai shi inda ƙarfe tara kowa ya shige ɗaki ya ja ƙofa, kwana biyu zai fara tambayar yaushe za a sauka. Mama kuma gwiwa ke damunta, ba ta iya doguwar tafiya, sannan Turancinta ɗan kaɗan ne. Wane kamfani ne dare ke raye a jirginsa, amma ba irin holewar samari ba? Ba ma shan giya, ba ma caca, don haka kar a lissafa mana su cikin nishaɗi.

Mai Son Shiru:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka. Ni dai Viking zan ce. Galibin jiragensu na teku mutum 930 suke ɗauka, ba sa ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 18, kuma babu gidan caca a ciki gaba ɗaya. Da yamma akwai lacca kan tarihin wuraren da za a je, akwai mai fiyano, akwai masu goge. Dattijo me yake nema da ya wuce wannan? Hutu suka zo yi.

Goggon Yara:
Malam, yarinyar nan ta ce mahaifinta ba ya barci da wuri, kai kuma ka tashi ka shimfiɗa masa gado. Wa ya gaya muku da zarar furfura ta fito sai a ajiye mutum a kusurwa a ba shi lacca? Shekarata 71, kuma in ana kiɗa mai daɗi sai an kashe fitila nake tashi.

Mai Son Shiru:
Allah ya huci zuciyarki Goggo. Na faɗi abin da ya karɓe ni ne. Amma dai batun rashin caca ya dace da abin da ta nema.

Goggon Yara:
Wannan kam ka yi gaskiya, na bar maka shi.

Ɗan Yawo:
Auta, kar ki wahalar da kanki, Royal Caribbean kawai. In ana maganar wasan dare ba su da na biyu. A jiragensu irin Oasis of the Seas, wanda ya fara aiki a 2009, akwai dandali a bayan jirgi inda ake daka tsalle daga can sama a faɗa ruwa, akwai filin ƙanƙara da ake zamiya ana rawa a kai, ga babban zauren wasa mai cin mutum fiye da 1,000. Icon of the Seas da ya fito a 2024 kuwa gari ne guda a kan ruwa, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Kuma duba batun Mama: wasan ruwa da na ƙanƙara ba sa buƙatar Turanci, ido kawai suke so. Ni da na kalli na ƙanƙarar baki buɗe na ƙare.

Autar Gida:
Maganar ido kawai ɗin nan ta shige ni, Yaya. Amma mutum 7,600? Mama ko filin jirgin sama sai mun nema mata keke.

Mai Fitila:
Bari in sa baki, don na yi shekaru ina aikin fitilun dandali a jiragen nan, kamfani biyu na yi wa, ba sai na ambaci suna ba.

Abin da mutane ba su sani ba kafin su biya: babban wasan dare gajere ne. Yawanci minti 45 ne, in ya yi tsawo ya kai awa ɗaya, kuma sau biyu ake yin sa a dare ɗaya domin abincin dare zama biyu ake yi, masu cin abincin farko da masu cin na biyu kowa ya samu. To shi ne ake sawa a talla. Amma daren Baba ba minti 45 ba ne. In ya fito daga zaure ƙarfe tara da kwata, sai ina? Nan ake gane jirgi mai rai da wanda ya mutu. Akwai jirgin da wasansa zai girgiza ki, amma kina fitowa abin da ya rage gidan caca ne da ɗakin disko. Akwai kuma wanda wasansa matsakaici ne, amma ƙananan zaure uku ko huɗu duk da makaɗa a ciki har kusan sha biyu. Ga wanda ba ya sha ba ya caca, na biyun ya fi.

Sannan 'yan rawa da mawaƙan da ke zaune a jirgin ba kullum suke hawa dandali ba. A mako ɗaya sukan yi dare biyu ko uku. Sauran dararen baƙi ne ake ɗaukowa a wata tasha a sauke su a wata: mai barkwanci, mai rufa-ido, mawaƙi shi kaɗai. Mai barkwancin nan ko mai jin Turanci sosai sai ya rasa rabin zancen, domin da al'amuran ƙasarsu yake ba'a. Mama za ta zauna ne tana kallon mutane suna dariya.

Shawarata: kar ki tsaya ga ƙasidar talla. Kowace rana ana fitar da jadawalin abubuwan da za a yi, a takarda ko a manhaja, kuma fasinjoji suna ɗaukar hotonsa su sa a intanet. Nemi na jirgin da kike so, na wannan hanyar, na kwanan nan. Ɗauki biro ki soke duk abin da ya shafi caca, da gwanjon zane-zane, da rangwamen kanti, domin ciniki ne aka sa wa rigar nishaɗi. Ki ƙirga abin da ya rage bayan tara da rabi. Wannan shi ne daren da kika saya.

Autar Gida:
Kai, Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi ban taɓa tunanin haka ba, hotunan dandali kawai nake ta kallo.

Kawu Ɗan Fansho:
Mai Fitila ya gama magana. In da abin da ya kwatanta ake nema, a duba Holland America. Tsohon kamfani ne, tun 1873 a Rotterdam. Sababbin jiragensu uku, Koningsdam na 2016, Nieuw Statendam na 2018 da Rotterdam na 2021, kowanne kimanin mutum 2,650 yake ɗauka, kuma sun jera wuraren kiɗa a hawa ɗaya kusa da juna, suna kiran wurin Music Walk. Wancan zauren masu fiyano ne, wannan ƙungiya ce da jita da ganguna. Suna karɓa-karɓa, in waɗannan sun tafi hutu sai waɗancan su ɗauka, kai dai ka miƙe ka ɗan taka ka canza kujera. Kuma tsofaffin waƙoƙi suka fi yawa, irin waɗanda mu muka taso muna ji a rediyo.

Ɗan Yawo:
Kawu, Holland America da ake tsokana cewa ƙarfe goma jirgin ya yi minshari?

Kawu Ɗan Fansho:
Masu faɗin haka disko suke nema har asuba, ɗana. Ba a ce Baban Auta zai kwana yana tsalle ba. Sha ɗaya da wani abu ina zaune ana kiɗa. In wannan ne minshari, Allah ya ƙaro.

Mai Fitila:
Sai dai a kula, kamfanonin nan suna yawan canza tsari. Zauren da wani ya yaba shekara uku da suka wuce yana iya zama an mayar da shi wani abu daban. Kuma tsofaffin jiragen kamfani ɗaya ba lallai su zama da abin da sababbin suke da shi ba. Jirgi za a zaɓa, ba tambarin kamfani ba.

Goggon Yara:
To ni bari in faɗi nawa. Queen Mary 2 na kamfanin Cunard na hau, daga Southampton zuwa New York, dare bakwai ba tsayawa ko'ina. 'Yata, in Babanki mai son kiɗa ne na gaske, wato makaɗa a zaune da kayan busa da takardunsu a gaba, to nan ne. Akwai wani zaure da suke kira Queens Room, babba, da filin rawa na katako a tsakiya da fitilu na lilo a sama. Ni ba na rawa, kujera nake samu a gefe. Amma akwai wani tsoho da matarsa da ba zan manta ba. Da sanda ya shigo, yana tafiya kamar zai kife. Ana fara kiɗa ya jingine sandar a jikin kujera, ya miƙa wa matar hannu, suka zaga filin nan sau biyu a hankali, kanta a kafaɗarsa. Waƙa na ƙarewa ya koma ya ɗauki sandarsa kamar ba shi ba. Kowane dare sai sun yi guda ɗaya tak. Ni kuwa kowane dare sai na je na jira su.

Kuma ga wani daɗi da ba a faɗa: in daga Ingila aka nufi Amurka, ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a biyar daga cikin dararen, saboda bambancin awa biyar da ke tsakani. Wato ka yi hira har dare ya raba, sannan a ƙara maka awa guda ta barci kyauta. In ta wancan ɓangaren aka taso kuwa, kwashe maka ake yi.

Abin da za ki sani shi ne suna da dokar sutura da yamma. Wasu dararen na kwalliya ne, maza da baƙar kwat, mata da dogayen riguna. Amma na ga waɗanda suka sa kayan ƙasarsu na fita kunya, ba wanda ya ce musu uffan, sai ma yabo.

Ɗan Yawo:
Goggo, da girmamawa, ana ta tsorata Auta da girman jirgina, amma naki mita 345 ne tsawonsa. Oasis kusan 360. Bambancin mita 15 ne kacal. Gwiwar Mama ba za ta gane wanne ne wanne ba.

Goggon Yara:
Ja'irin yaro, da ma'auni ka zo? To ka yi gaskiya, dogo ne. Zauren rawar ma can baya yake, hanyarsa da 'yar kwana-kwana, ranar farko sai da na ɓata. Amma mutum kusan 2,700 ne a ciki, ba ninkin haka ba. Tafiya daban, turmutsutsu daban. Ba wanda ya taɓa bangaje ni a bakin lif.

Malamar Jinya:
Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, don na raka surukata sau ɗaya kuma na koyi darasi.

Mun hau wani katafaren jirgi, ba zan faɗi kamfanin ba. Ashe manyan wasanni sai an kama wuri tun da wuri ta manhaja. Ban sani ba. Da muka shiga duk an cinye lokutan farko, sai na ƙarfe goma da rabi suka rage. Muka shiga layin masu jiran tsammani, tsohuwa tana tsaye minti ashirin da wani abu, daga ƙarshe aka ce saura kujera can ƙasa sai an sauka matakala. Ta dube ni ta ce mu koma ɗaki. Abin da aka biya kuɗi dominsa ke nan muka kalla a talabijin ɗin ɗaki.

Saboda haka ko wanne kika zaɓa, tambayi abu uku. Ana kama wurin wasa tun kafin tafiya? Akwai kujerun da ake kaiwa gare su ba tare da matakala ba, kuma ana barin ɗan rakiya ya zauna kusa? Galibi layin baya ne, kuma shi ke fara cika, sai ku je da wuri da kamar rabin awa. Na uku, ƙara. Wasu zaurukan sautinsu ya yi yawa, in mutum yana sa na'urar ji sai ta riƙa yi masa tsuwa. Ku nisanci lasifika. Jirage da yawa suna ba da aron na'urar saurare ga masu ƙarancin ji, sai an tambaya a teburin karɓar baƙi.

Wani abin kuma: hanyar da jirgin zai bi tana iya kashe dare. Yawon Bahar Rum mai tsayawa sabon gari kowace safiya, a fita takwas a dawo biyar an sha rana da hawa da sauka, wane dattijo ne zai iya zuwa wasa bayan haka? Ko ku nemi tafiya mai ranakun teku biyu ko uku a tsakani, ko ku yarda tun yanzu cewa ba kowane gari za a sauka ba. Sannan inshorar lafiya ta tafiya ba abin wasa ba ce, asibitin jirgi kuɗi ake biya.

Kawu Ɗan Fansho:
Tunda an fara tonon silili, ni ma ga nawa. Tafiyata ta farko, a wani kamfani daban, na ce wa wakilin ya ba ni ɗaki kusa da wurin nishaɗi saboda kar in yi ta tafiya. Ya cika alkawari kuwa, ya sa ni daidai ƙarƙashin ɗakin disko. Ba ƙarar ce ta dame ni ba, dukan gangar nan ne da ke bin ƙarfe. Kofin da ke kan tebur sai ya riƙa matsawa da kansa. Har ƙarfe biyu. Uwargida ta ce ai ga nishaɗin ya biyo ka har gado, sai ka tashi ka taka. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Auta, buɗe taswirar jirgin hawa-hawa. Ɗakin da za ki ɗauka ya zama ɗakunan kwana ne a samansa, ɗakunan kwana a ƙasansa. A tsakiyar jirgi, kusa da lif amma ba jikinsa ba. Tsakiya kuma ita ce ba ta cika jijjiga ba in teku ta tashi.

Mai Son Shiru:
Kun ga abin da nake gudu ke nan. A ƙaramin jirgi duk wannan lissafin bai taso ba, minti uku ka je ko'ina.

Goggon Yara:
Ka je ko'ina ka tarar da me?

Mai Son Shiru:
Goggo ba za ki bar ni in sha iska ba yau. To ga wani: Saga, na Ingila. Sai wanda ya kai shekara 50 suke ɗauka, jiragensu ba su kai mutum 1,000 ba, kuma suna da zauren wasa na sosai.

Malamar Jinya:
Auta shekararki nawa? Don ɗan rakiya ma sai ya kai 40 a wajensu.

Autar Gida:
33. An kore ni tun ban nema ba.

Mai Fitila:
Kar kuma kalmar "na manya zalla" ta ruɗe ki. Virgin Voyages ma ba sa ɗaukar ɗan ƙasa da 18, amma irin darensu ba shi kike nema wa Baba ba, shagali ne na masu jini a jika. Abin da ya fi suna tasiri shi ne tsawon tafiya da lokacinta. Tafiyar dare uku ko huɗu a ƙarshen mako ita ke tara masu holewa, ko a wane kamfani. Lokacin hutun makarantu yara ne ko'ina. Daga kwana goma zuwa sama, a lokacin da makarantu ke buɗe, sai ki ga furfura ta yi rinjaye, kuma masu tsara shirin dare suna duba shekarun fasinja kafin su zaɓi kiɗan da za a sa. Jirgi ɗaya ne, amma mako biyu a jere sai ki rantse ba shi ba ne.

Game da Turancin Mama, a duba MSC da Costa ma. Saboda fasinjojinsu daga ƙasashe daban-daban suke, wasanninsu sun fi karkata ga kiɗa da rawa da alkafura, magana kaɗan. Illarsu ita ce sanarwa, sai a maimaita abu ɗaya da harshe biyar ko fiye. Kuma Turawan kudu ba sa barci da wuri, wanda zai yi wa Baba daɗi.

Ɗan Yawo:
Kowa na ta kawo dattijan jirage. Ni tambaya ɗaya zan yi: an tambayi su Baba kuwa? Ko mu ne muke ta yanka musu riga ba mu auna su ba?

Goggon Yara:
Yau dai yaron nan ya yi hankali.

Autar Gida:
Gaskiya ba mu tambaya ba, so muka yi ya zama ba-zata. Amma bari in kira babbar yayarmu, ina jin gara a fasa ƙwan.

Autar Gida:
Na dawo, kuma kun ja mini. Jiya da daddare na zaunar da su na nuna musu bidiyo a waya ɗaya bayan ɗaya. Baba na ganin makaɗan Queens Room ya gyara tabarau ya ce a maimaita. Sau uku muka kalla, har yana kaɗa ƙafa. Na ce shi ke nan an gama. Sai Mama ta ce, "Kwana bakwai ba ƙasa ba tudu, ruwa gaba ruwa baya? Ku je ku dawo lafiya." Da na nuna mata masu zamiya a kan ƙanƙara kuwa, ta karɓe wayar daga hannuna. Matar da nake ta tsoron kar hayaniya ta dame ta, ita ce ke tambaya ko ana barin mutum ya zauna a layin gaba. Na ce gwiwar fa? Ta ce da ido za ta kalla ba da gwiwa ba.

Yanzu ɗaya na son makaɗa, ɗaya na son ƙanƙara, kuma sun ce ba mai tafiya ba ɗaya.

Ɗan Yawo:
Allah ya ja da ran Mama! Na faɗa muku.

Mai Fitila:
Akwai tsaka-tsaki. Ba sai kin je kan mafi girma ba kafin ki samu ƙanƙara. Voyager of the Seas na Royal Caribbean, na 1999, shi ne jirgin farko da aka sa wa filin ƙanƙara, kuma shi da 'yan uwansa irin Explorer da Navigator tsawonsu kimanin mita 311 ne, fasinjansu bai kai na Icon ba ko kusa. Akwai makaɗa masu rai a zaure fiye da ɗaya. Ba za su kai na Cunard ƙasaita ba, kar in yi wa Baba ƙarya. Su kuma jiragen Cunard ba ƙetare teku kaɗai suke yi ba, Queen Victoria da Queen Anne suna yawo mai tsaye-tsaye a garuruwa, kuma duk suna da nasu Queens Room. Wannan zai magance wa Mama "ruwa gaba ruwa baya", sai dai babu ƙanƙara. Zauren ƙanƙarar kuma akwai sanyi, musamman layin gaba da take so, a riƙe mata mayafi mai kauri.

Kawu Ɗan Fansho:
Shekara nawa da aurensu?

Autar Gida:
46, Kawu.

Kawu Ɗan Fansho:
To ki sayi tikitin mai ƙanƙara. Na san yadda wannan shari'ar ke ƙarewa.

Goggon Yara:
Kar ki saurari Kawu, 'yata. Sauko da jadawalin dare na jiragen biyu kamar yadda Mai Fitila ya ce, ki soke na sokewa, ki ajiye musu a gabansu da biro ki fita daga ɗakin.

Autar Gida:
Na samo na ɗaya, ina neman na ɗayan. Mai Fitila, in Allah ya sa mai ƙanƙarar ne, abincin farko zan kama mana ko na biyu? Baba ya ce shi duk wanda ba zai sa ya rasa makaɗa ba.

Mai Fitila:
Na farko. Ku kalli wasa bayan an ci abinci, ki raka Mama ɗaki in ta gaji, Baba ya wuce wajen makaɗansa. Ki rubuta masa lambar ɗaki da hawa a 'yar takarda ya sa a aljihu, domin katin buɗe ƙofa ba ya ɗauke da cikakkiyar lambar, kuma da daddare duk lungunan kama ɗaya suke.